Ɗakin Kwamfuta da Haƙƙin Mai Jiran Kujera

Jama'a masu saurare na ƙasar Magarya da ta Dungas, tun daga Bande da Waca da Kwaya da Yekuwa da Sasumburum har zuwa Guci da Malawa da Dogo-Dogo, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka waɗanda muryar nan ke isa gare su a Ɓaɓura da Maigatari. Sharhinmu na yau a kan wani ɗaki ne wanda galibin iyayen da ke saurarenmu ba su taɓa sa ƙafa a cikinsa ba, alhali kuwa 'ya'yan da suka tura jami'a ba su da makawa sai sun shige shi, watau ɗakin kwamfuta, inda ake jera na'urori bisa tebura domin ɗalibai su yi tarayya a cikin amfani da su, wannan ya tashi wancan ya zauna, tun daga hantsi har a kulle ƙofa.

Kafin mu shiga cikin mas'alar, ya kamata mu tuna yadda aka yi har ɗakin nan ya matso kusa da mu. Tun da aka kafa cibiyar ilmi mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a bayan shekara biyu, daga baya kuma aka sa mata sunan masanin hasken rana Abdu Mumuni, yaron Magarya ko na Dungas da Allah ya ba nasarar cin jarrabawar bak ba shi da inda zai dosa sai babban birni, tafiyar fiye da kilomita 800, in ba ya nufi jami'ar Musulunci ta Say da aka buɗe a 1986 ba, ko ya tsallaka Kano da Zariya. Sai a 2008 aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha a Damagaram da Maraɗi da Tawa, a 2010 kuma aka ɗaukaka su suka zama jami'o'i. Ta Damagaram ita ce yau ke ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin, masanin tarihin da ya rubuta littafi a kan daular Damagaram ta ƙarni na 19, ya kuma shugabanci Taron Ƙasa na 1991. Idan muka duba ƙidayar 2012, wadda ta nuna cewa gundumar Magarya da ta Dungas, da aka raba su a 2011, sun haura mutum 900,000 in an haɗa su, za mu gane irin ambaliyar samari da 'yan mata da ke kwarara daga wannan yanki namu zuwa jami'a kowace shekara, da kuma dalilin da ya sa duk yawan na'urorin da aka jera a ɗaki, masu jira sun fi su yawa.

Wani zai ce, ai yanzu kowane yaro yana da wayar salula a aljihu, mene ne na damuwa da ɗakin kwamfuta? Amsa ita ce, waya tana da iyakarta. Da ita ana karanta darasi, ana aika saƙo, ana duba sakamakon jarrabawa, amma ɗalibin da zai rubuta kundin kammala lisans ko mastar, wanda suke kira memuwar, mai shafi hamsin ko ɗari, da jadawali da lissafi a ciki, da wanda ke koyon awon ƙasa da tsara birane wanda dole ya zana taswira, da ɗalibin likitanci da zai tace alƙaluman marasa lafiya, duk waɗannan ba su da mafita sai babbar na'ura. Ɗan mai hali uban ya saya masa tasa, yana rataye da ita a jaka, ya shiga ɗakin tarayya in ya ga dama, ya bari in ya ga dama. Wanda rayuwar karatunsa ta rataya ga ɗakin nan shi ne ɗan manomin gero da gyaɗa, ɗan mai lambun rake a kwarin Korama, 'yar matar da ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin mota, waɗanda sayen kwamfuta a wurinsu sai an taɓa dabba ko an jinginar da gona. Saboda haka duk ɓarnar da aka yi a ɗakin, ko ta kaya ce ko ta lokaci, a kan talaka take sauka, kuma talakan nan sau da yawa ɗanmu ne. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi.

To, kayan wa ke cikin ɗakin? A nan ne tushen cutar yake, domin akwai wata kalma da ta daɗe tana halatta mana abin da Allah bai halatta ba, ita ce faɗin da ake yi cewa kayan gwamnati ne, watau abin da ba shi da mai shi, ba shi da mai kuka in ya lalace. Amma mutanen ƙasar nan tamu sun fi kowa sanin ƙaryar wannan magana, don sun gan ta a gonakinsu. A zamanin da ake ganin kowane icce na daji mallakar hukuma ne, wanda ma'aikacin gandun daji kaɗai ke da iko da shi, sara ake yi a ɓoye, ba mai tausayin tsiro, har ƙasa ta yi fayau, iska ta riƙa binne shuka da rairayi. Da aka fita daga farin 1984, manoman Magarya da Matamai da Mirya suka soma barin 'ya'yan gawo suna tashi a gonaki, suna yi musu sassabe suna tsare su daga gatari da bakin dabba, saboda sun fara ganin itacen nasu ne, su za su ci amfanin ganyensa da ke taki da 'ya'yansa da ke ƙosar da tumaki. Yau masana daga ƙasashen duniya suna zuwa kallon wannan aiki, suna ƙiyasta cewa a faɗin kudancin Nijar an rayar da wajen hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Ɗalibin da uban da ya haife shi ya raini gawo shekara ashirin don jikokinsa su sha inuwa, bai kamata a ce sai an yi masa dogon wa'azi kafin ya fahimci cewa na'urar da ke gabansa tasa ce, ta ƙanensa ce da ke aji shida a firamare, kuma kuɗin harajin kasuwa da na kan iyaka ne suka saye ta.

Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan babi a buɗe ba. Abin da aka tsayar domin amfanin jama'a, ba a sayarwa ba a gādo, sun kira shi hubusi ko waƙafi, suka ce ana amfani da shi ne bisa sharaɗin wanda ya tsayar da shi. Abin da aka ba mutum ya amfana ya mayar kuwa sun kira shi ariya, watau aro, kuma duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa mai aro yana lamuncewa idan ya ƙetare iyakar abin da aka yi masa izini, ko ya yi sakaci har abin ya salwanta. Ko ta wace fuska aka ɗauki kwamfutar jami'a, hukuncin bai fita daga waɗannan biyu ba. An tsayar da ita domin karatu, an ara wa ɗalibi ita na wani sa'i, sa'an nan ta koma hannun waninsa. Malamai magabata sun yi bayanin irin wannan zama dalla-dalla, a lokacin da abin tarayyar ɗalibai shi ne littafin da aka kwafa da hannu. Alƙalin alƙalan Masar, Badruddin Ibn Jama'a, wanda ya rasu a 1333, ya keɓe babi guda a cikin littafinsa na ladubban malami da ɗalibi a kan mu'amala da littattafai, inda ya nuna cewa mai aro kada ya riƙe littafi bayan ya gama buƙatarsa, kada ya yi rubutu ko gyara a ciki sai da yardar mai shi, kada ya ara wa wani, kada ya mai da shi matashi ko mafici. Ya kuma keɓe wani babin a kan zama a makaranta, ya hana ɗaga murya har ta dami maƙwabci, ya hana leƙen ɗakunan mutane. Wanda ya karanta waɗannan babobi biyu, ya cire kalmar littafi ya sa kwamfuta a gurbinta, ya sami kusan dukan dokokin da ake liƙawa a ƙofar ɗakunan nan a yau.

Bari mu fara da lokaci, don shi ne abin da aka fi zalunta a kansa, kuma shi ne zaluncin da mai yin sa ba ya jin ya yi laifi. Ku ƙaddara ɗakin a watan da ake karɓar memuwar, zafi ya tsananta, fanka na juya iska mai ɗumi, kowace kujera an kama ta, a bakin ƙofa kuma ga wata yarinya tsaye, riƙe da ledar da ta ƙunshe takardunta, shafi arba'in da ta rubuta da biro a ƙarƙashin fitilar waya, kwana uku suka rage mata ta miƙa wa malaminta a buge. Daga inda take tsaye tana hango allon na'ura ta uku, mai ita ya toshe kunne yana kallon ƙwallon Turai, ta biyar kuma ba kowa a kai sai hula da littafi da aka ajiye don kama wuri, mai su ya tafi cin abinci tun azahar. Kunya ba za ta bar ta ta yi magana ba, domin an yi mata tarbiyyar kada ta ɗaga murya a gaban maza, sai ta yi ta canza ƙafa har la'asar, sa'an nan a ɗauke wuta. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ture ta, amma an ci haƙƙinta ci na sosai, kuma in ta faɗi a wannan shekara, waɗancan biyun suna da kaso a cikin alhakin, ko sun sani ko ba su sani ba. Ni a ganina kama wuri da hula ya fi kallon ƙwallon muni, don mai kallo aƙalla yana nan ana iya roƙonsa, mai hula kuwa ya hana kansa ya hana waninsa.

Wannan rigima ta lokaci ta girmi ɗalibanmu, tare da ita aka haifi ɗakin kwamfuta. A 1961, a babbar makarantar fasaha ta MIT da ke Amurka, wani malami mai suna Fernando Corbató da abokan aikinsa suka ƙirƙiro hanyar da mutane da yawa za su yi aiki da na'ura guda a lokaci ɗaya, kuma don kada wani ya shiga takardun wani, suka ba kowa kalmar sirri tasa, wadda ita ce asalin wadda kowa ke bugawa yau a wayarsa. Ba a daɗe ba sai wani ɗalibin digirin dokta, Allan Scherr, wanda aka ba awa huɗu a mako bai ishe shi ba, ya yi dabara ya buga jerin kalmomin sirrin mutane duka a takarda, ya riƙa shiga da sunayensu yana cin lokacinsu, abin da shi da kansa ya bayyana bayan shekaru. Watau satar sirri ta farko da aka sani a tarihin kwamfuta, kwaɗayin lokacin wani ne ya jawo ta, kuma ɗalibi mai hazaƙa ne ya yi ta, wanda ya ga aikinsa ya fi na kowa muhimmanci. Irin wannan zato, na cewa buƙatata ta fi ta mai jira, shi ne ƙofar da mafi yawan ɓarna ke shigowa ta cikinta.

Haka al'amarin yake game da intanet ɗin ɗakin. Layi guda ne ake biya, ake raba ƙarfinsa ga dukan na'urorin, saboda haka idan mutum biyu ko uku suka tsaya sauke finafinan Kano ko na Indiya masu dogon zango, sauran ɗalibai ashirin sai su ga shafi ya ƙi buɗewa, su yi ta zagin kamfani alhali mai laifin yana zaune a gefensu. Gaskiya ne an sa hanyar Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya cikin aikin shimfiɗa igiyar sadarwa ta fiba mai ratsa Sahara, kuma muna fatan alherinta, amma ko an ninka ƙarfin layin sau goma, in ba a gyara hali ba, masu sauke fim za su ninka nasu sau ashirin.

Sai kuma jikin na'urar kanta. An ƙera ta ne don wuri mai sanyi da ƙarancin ƙura, aka kawo ta inda zafin bazara ke wuce digiri 40, hunturu kuma ya cika kowace kafa da gari. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai gyara sa'ad da ya kwance murfin kwamfutar da ta shekara a irin ɗakin nan, ya ga yadda ƙura ke daskarewa a kan 'yar fankar da ke sanyaya ta har ta zama kamar auduga, ya ga ɓarɓashin ƙuli-ƙuli da ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin maɓallan rubutu, da tabon ruwan leda da aka huda da haƙori ya fantsama. Taga da aka bari a buɗe ranar da iska ta taso tana iya rage wa na'ura shekara guda a cikin kwananta. Amma abin da ya fi waɗannan duka saurin kisa shi ne wasa da wuta. Akwai wani akwatin batir da ake haɗawa da kwamfuta, wanda ma'aikata ke kira ondilar, aikinsa shi ne ya riƙe ta na 'yan mintoci in an ɗauke wuta don a adana aiki a kashe ta cikin natsuwa, ya kuma tare ta daga tsallen wuta in an maido. Sau nawa ɗalibi ke zare wannan akwati, ko ya zare na'urar maƙwabcinsa, don ya sami ramin da zai yi cajin waya! Mu kuwa a wannan shiyya mun san darajar lantarki, tun da babban rabon wutar Damagaram da Maraɗi ta layin Katsina zuwa Gazawa yake shigowa, kuma ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka katse wutar Najeriya saboda takunkumi, ba a maido ba sai cikin Maris na 2024. Awa guda ta wuta a ɗakin kwamfuta ni'ima ce, almubazzaranci da ita kuwa yana cikin israfin da shari'a ta hana.

Game da ƙwayar cutar kwamfuta, wadda ɗalibai ke kira birus, galibi jahilci ne ke yaɗa ta, shi ya sa zan ɗan yi bayani. Ɗan abin ajiyar nan da suke kira kile yana yawo daga shagon buga takardu zuwa wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa, ya dawo jami'a, kuma duk na'urar da aka soka shi, in yana ɗauke da cuta ya bar mata, in ita ke da cuta ya ɗauka. Wadda ta fi addabar ɗalibai ita ce mai ɓoye takardun mutum ta maye gurbinsu da 'yan alamomi masu kibiya, da ka danna ɗaya sai cutar ta tashi ta kama na'urar. Wanda wannan ta same shi kada ya yi gaggawar goge kile ɗin cikin firgita, domin sau da yawa aikinsa yana nan, ɓoye shi kawai aka yi, mai kula da ɗaki ko wani masani yana iya fito da shi. Ladabin a nan shi ne a bar na'ura ta bincike kile kafin a buɗe shi, kada a sa wata manhajar sata da aka samo a kasuwa, kuma wanda ya ga alamar cuta ya faɗa wa mai kula da ɗaki maimakon ya zame ya koma wata kujera ya bar tarko ga na baya. Ɗalibai masu kaifin basira da ke son gwada iyawarsu a kan na'urorin jama'a kuwa, su tuna da Robert Morris, ɗalibin jami'ar Cornell, wanda a Nuwamban 1988 ya saki wani ɗan shiri da ya ce don auna girman intanet ya yi shi, ya kuɓuce masa ya durƙusar da kwamfutoci kimanin 6,000, kotu kuma ta same shi da laifi a 1990 ba tare da kyakkyawar niyyarsa ta kuɓutar da shi ba.

Yanzu na iso ga abin da ya fi tsaya mini a rai, shi ne sirrin mutane. Yakan faru kullum, ɗalibi ya buɗe akwatin wasiƙunsa ko Facebook ko WhatsApp a kan na'urar tarayya, a kira shi aji ko wuta ta ɗauke, ya tashi bai rufe ba. Wanda ya zauna bayansa sai ya tarar da rayuwar ɗan'uwansa a shimfiɗe: saƙon mahaifiyarsa, maganar bashin da ake binsa, takardar asibiti, hirarsa da wadda yake nema da aure, hotuna. A wannan lokaci ba malami, ba mai gadi, ba wanda ke ganinsa sai Allah, kuma a nan ne ake sanin ɗan halas. Alƙur'ani mai girma ya hana tajassusi, watau bin diddigin asirin mutane, a cikin Suratul Hujurati, a aya guda da ya hana mummunan zato da giba, kuma a Suratun Nur ya hana shiga gidan wani sai da izini, bai ce in an tarar da ƙofa a buɗe an halatta ba. Abin da ya wajaba a kan wanda ya tarar da haka shi ne ya kau da ido, ya fitar da mai shi daga shafin, in ya san shi ya gaya masa a keɓe don ya canza kalmar sirrinsa. Amma abin takaici, akwai waɗanda ke karantawa, akwai masu aika saƙon batsa da sunan mai shafin suna kiran abin wasa, akwai kuma waɗanda ke kwashe hoton yarinya su watsa a zaurukan waya. Ku da kuke saurarena kun san ƙasarmu, kun san cewa hoton da aka saki a Damagaram da safe kafin magariba ya isa Dungas, ya shiga wayar kawunta da ta wanda aka yi mata baiko da shi, kuma ba gyaran da zai biyo baya ya wanke ta a idon gari. Aure yana mutuwa a kan wannan, uba yana cire 'yarsa daga karatu a kan wannan, har maƙwabta su ce ga abin da boko ke jawowa, su hana nasu 'ya'yan mata tafiya. Dannawar yatsa guda ta saurayi marar tunani tana iya rufe ƙofar jami'a ga 'yan matan ƙauye guda. Kuma su sani, ban da hisabin Lahira, ƙasar Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 a kan laifuffukan intanet, wadda ta tanadi hukunci ga mai kutsawa cikin na'ura ko bayanan wani ba da izini ba, da mai watsa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam.

Kusa da wannan akwai satar aiki. Ɗalibi ya bar rubutunsa a kan na'ura, wani ya kwafe ya sauya suna ya riga shi miƙawa, ko ya kwaso shafuffuka daga intanet, ko ya sa manhajojin nan masu rubuta wa mutum amsa su yi masa, ya ce nasa ne. Al'ummar da ta gaji ilmin isnadi, wadda malamanta ba su karɓar magana sai an faɗi daga wa aka ji ta, ba ta da uzurin jahiltar cewa jingina magana ga mai ita amana ce. Likitan da ya sami takardarsa ta wannan hanya, wata rana a asibitin Magarya za a kawo masa yaro cikin damina da zazzaɓin cizon sauro, ranar kuwa ba abin da zai kwafa.

Ba zan so a ɗauka cewa ladabin ɗakin nan hani ne kaɗai ba, akwai umarni a cikinsa. Da yawa daga cikin yaranmu suna isa jami'a da bak mai kyau alhali ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, domin makarantar da suka fito ba ta da wuta balle na'ura. Irin wannan yaro yakan zauna yana neman harafi ɗaya-ɗaya da yatsa guda, gumi na karyo masa, yana jin dariyar 'yan birni a bayansa, wani ma daga ranar ba ya sake komowa. Wanda Allah ya ba sani ya jawo kujera ya zauna kusa da shi minti goma, ya nuna masa yadda ake adana aiki da yadda ake fita daga shafi, ya fitar da zakkar ilminsa. Ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Magarya da Dungas, waɗanda ke haɗuwa don tarbar baƙi da shirya bukukuwan hutu, da za su keɓe makonnin farko na shekara manya su koya wa ƙanana wannan, da sun yi wa yankinsu aikin da ya fi kowane biki.

Akwai kuma ranar fushi. Ɗaliban Nijar suna da tarihin gwagwarmaya da ba mai musunsa, tun da jinin da aka zubar a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990 yana cikin abin da ya buɗe hanyar Taron Ƙasa, kuma neman haƙƙi in an jinkirta kuɗin tallafi ko abinci ya gaza ba laifi ba ne. Amma duk inda yajin karatu ya kai ga jifan tagogin ɗakin karatu ko fasa na'ura, to an bar wanda ake ƙara an dāki wanda ake yi wa ƙara, domin wanda ya jinkirta kuɗin ba a ɗakin yake buga takardunsa ba. Shugabannin ɗalibai su ne ya kamata su fara tsayawa a ƙofar irin waɗannan ɗakuna su tsare su a ranar da hankali ya tashi.

Adalci kuma ya hana mu ɗora wa ɗalibai kaya duka. Hukumar kowace jami'a tana da nata rabon amanar, don ɗakin da ba shi da rajistar shiga da fita, ba a ƙayyade wa kowa lokaci ba, na'ura ta mutu wata shida ba a gyara ba, mai kula da shi kuma yana ajiye wa abokansa kujera, shi da kansa yana koya wa yara cewa ƙarfi da sanayya su ne doka. A rubuta ƙa'idoji da Faransanci da Hausa a liƙa a ƙofa, a yanka lokaci awa-awa a watannin memuwar, a fifita mai aikin karatu a kan mai nishaɗi, a sa wasu ramukan caji a waje don a huta da zare wayoyi, a kuma duba halin ɗalibai mata waɗanda ba su iya zama har dare. Mu kuma a nan gida, shugabannin ƙananan hukumomi da attajiranmu masu fatauci tsakanin nan da Maigatari da Kano, lokaci ya yi da za a yi shawara a kan sa 'yan na'urori da faifan hasken rana a manyan makarantun sakandare na Magarya da Dungas, tare da malamin da zai kula da su, domin yaro ya koyi riƙon wannan amana yana ɗan shekara goma sha biyar, a gaban malaman da suka san ubansa. Iyaye kuwa, idan ɗalibi ya zo hutu kuna tambayarsa labarin abinci da makwanci, ku haɗa da tambayarsa inda yake buga aikinsa, da awa nawa yake samu, da ko ya taɓa koya wa wani ƙaninsa na ƙauye.